Gorar Tokar Inna

Shekarar da na dawo daga karatu a Birni, na dawo da littattafai cikin gafaka da kuma zaton babu abin da ya rage ban sani ba. Damina ta yi nisa, darɓa ta kama waken Inna a gayaunarta, ƙananan ƙwari baƙaƙe sun manne a ƙarƙashin ganye. Waken nan farin iri ne da mahaifina ya bari, babu irinsa a ƙauyenmu na gefen Tofa, kuma ta shuka shi duka ba ta rage ko tafi ɗaya ba.

Makaminta gora ce da ta huhhuje gindinta da basilla. Takan tankaɗe toka ta zuba, ta fita da sassafe tana kaɗa ta bisa kowane tushe. Ƙafarta ta kumbura a makon nan, sai aikin ya faɗo kaina.

Na duba gorar, na ga hujojin sun yi ƙanƙanta ga mutum mai nazari a gabansa. Na sa ƙarfe a wuta na buɗa su. Na kuma ga babu dalilin shiga raɓa, don haka na gama bitar safe tukuna, na fita da hantsi. Kafin tuwo ya huce na gama gayauna duka, na dawo ina mamakin yadda mutane ke wahalar da kansu.

Bayan kwana uku maƙwabcin gonarmu, wani tsohon Bamaguje, ya kira ni bakin iyaka. Ya nuna mini toka tsibi-tsibi a ƙasa, ganye kuwa fes, ƙwari sun ƙaru. Ya ce raɓa ce ke riƙe toka, ƙaramin huji kuma shi ke sa ta sauka kamar hayaƙi.

"Malam," in ji shi, "ƙasa ka yi wa magani, ita kuwa lafiyarta lau."

Ya ara mini tasa gorar. Kwana bakwai ina fita bayan asuba, wando a naɗe, ina ɗaga ganye ɗaya-ɗaya. Kunya huɗu suka tsira, suka ba da ƙwarya guda, iri dai bai ɓace ba.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da kaka ta miƙo mini sabuwar gora da basilla.

"Tunda hannunka ya saba da ɗigon baƙi a rubutu," ta ce, "yi hujojin ƙanana."