Dattijon da Ya Yi Birgima Don Matan Gabi

Ina cikin gyaran kifin da aka kawo daga tabki, da hantsin Talata, wayar maigidana ta yi ƙara. Ya saurara, ya zauna a bakin rijiya, ya ce, "Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwanansa huɗu a asibiti a Maraɗi. Wan mahaifin maigidana ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, don haka surukina ne. Ban taɓa faɗin sunansa ba, yau ma ba zan faɗa ba. Mutanen Madarumfa Injiniya suke ce masa.

Masu ta'aziyya sun faɗi kyautarsa da zumuncinsa. Ni haƙurinsa na sani, kuma abin kunya ne ya sa na san shi.

Da ya bar aiki a Yamai ya dawo gida, ya zauna gaban ordinatarsa, wato kwamfuta, ya haɗa wani program na karanta littattafai a tabilet, don ajin yaƙi da jahilci na matan garin Gabi. Ya taɓa bayyana mana cewa ba shi ya ƙera komai ba. Akwai kayan da wasu masana suka rubuta suka bar wa kowa kyauta, su ke zana shafi da maɓallai a fuskar na'ura, shi kuma ya ɗora nasa a kai. Sai ga matsala: ana cikin karatu, shafi ya ɓace, fuskar ta yi fari fat. Yau ta yi, sai a yi kwanaki ba ta sake ba. Matan suka tsorata, kowace tana zaton ita ta ɓata kayan mutane, suka daina taɓawa. Malamarsu ta aiko cewa in ba a gyara ba kafin a koma aji bayan girbi, za ta maido da na'urorin.

Baba ya gwada ya gwada, a hannunsa ko sau ɗaya ba ta yi ba. Yakan ce, "Na'ura ba ta da aljanu. Abin da ya faru sau ɗaya, akwai abin da ya kawo shi."

Da ya ji labarin tuwo ya taɓa ƙone mini saboda littafin soyayya, bai yi faɗa ba. Ya aiko mini da tabilet ɗaya cike da labarai, ya ce in karanta iyakar son raina. A hannuna kuwa kusan kullum sai ta yi fari, kuma daidai inda labari ya yi daɗi.

Ya kira ni zaure. Na durƙusa a gefen tabarma, lulluɓe, kaina a ƙasa.

"Ɗiyata, kada ki ce mini ta lalace. Faɗa mini mi kike yi lokacin."

"Karatu kawai, Baba."

"To, karanta in gani."

Na zauna cak kamar an dasa ni, ina latsa shafi da ɗan yatsa ɗaya. Sati guda muna haka, na'ura lafiya lau. Ina komawa ɗaki sai ta yi fari. Da wani ne, da ya ce ƙarya nake. Shi cewa ya yi, "Na yarda da ke. Akwai dai abin da kike yi a ɗaki wanda ba kya yi a gabana."

Sai ya aiko matarsa, Inna Hadiza, wai ta taya ni tsinkar zogale. Na miƙe a tabarma ina karatu, har na manta da ita. Aka zo inda saurayin labarin ya dawo daga tafiya, na latsa shafi na gaba, na rungume na'urar na mirgina don daɗi. Fari fat!

Inna ta yi ta dariya har da hawaye. "Ke ƴar nan! Ashe birgima kike yi!"

"Inna, don Allah kada ki faɗa masa."

"In ban faɗa ba, matan Gabi su yi karatu da mi?"

Washegari maƙwabta suka leƙa zaure suka tarar da Injiniya, da furfurarsa, kwance a tabarma yana mirginawa dama da hagu, tabilet a ƙirji. Liman ya tambaya ko ciwon ciki ne. Ya ce, "Aiki nake, Malam." A mirginawa ta kusan ashirin ta yi masa fari, ya tashi zaune yana kabbara.

Ashe laifin yana cikin kayan da ya ɗora aikinsa a kai. In aka latsa shafi daidai lokacin da na'ura ta juya, sai su rushe tsohon shafi don gina na kwance, alhali rubutu yana kan hanya. Ya iso bai tarar da wurin sauka ba. Matan Gabi ma, masu goyo, suna karatu suna juyawa wajen jariri. Ya gyara, ya aika wa masu kayan bayani da gyaran, don kada wani ya sha wahalar a wata ƙasa. Aka koma aji da na'urorin.

Har ya bar duniya bai taɓa ambata mini maganar ba, don kada in ji kunya. Sabon matashin kai kawai ya aiko Inna da shi, ya ce a gaya mini ladan aiki ne.

Ran sadakar uku malamar Gabi ta zo da ɗalibanta. Wata tsohuwa ta ce ta gama littafinta na farko, a kwance ta karanta shi, shafi ko ɗaya bai gudu ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane harafi da matan nan suka karanta ya zame masa haske. Ka ba Inna Hadiza da ƴaƴansa da maigidana haƙurin rashinsa, irin haƙurin da ya yi da mu. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.