Tabarmar da Kaka Fuatino Ta Ƙi Ɗagawa

Ranar Laraba, 12 ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakata Fuatino a gidanta da ke ƙauyenmu na bakin teku, tana da shekara tamanin da ɗoriya. Ta sha kokonta, ta yi wa yara faɗa a kan aladen da suka bari ya shiga gonar gwaza, sannan ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Ba ta sake tashi ba. Ni Siniva, jikarta, ina wurin aiki a Apia aka kira ni aka faɗa mini. Na yi kuka har muryata ta dushe, amma yau da na zauna rubutun nan ba kuka ne ya fi yawa a zuciyata ba. Alfahari ne.

Kaka, ke kika raine ni tun da iyayena suka tafi neman aiki ƙetare. Kowa a tsibirin nan namu na Samoa da ya taɓa ratsawa ta ƙofarki zai ba da labarin hannunki. Ba a wuce gidanki da yunwa. Masunci in ya dawo hannu wofi, sai ya tarar kin aika wa matarsa ayaba da gwaza, kika kuma ja wa ɗan aiken kunne kada ya ce daga wurinki ne, alhali duk gari an san kwandonki. A ɗakin saƙa na mata kuwa, ke ce mai baki. Wadda saƙarta ta karkace sai ki ɗaga saƙar sama ki ce, "Ku zo ku ga tarun kama kifi!" A yi ta dariya, sannan ki zauna kusa da ita har yamma kina gyara mata.

Amma ba don wannan za a daɗe ana kiran sunanki ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya, kamar sauran yaran gari, nake zuwa gidan fasto bayan makaranta don karatun Littafi Mai Tsarki da shara. A nan mutumin da muke durƙusa wa ya ci zarafina, ya yi mini abin da babba ba ya yi wa yaro. Ba zan rubuta sunansa a takarda ɗaya da naki ba, yana can a takardun kotu. Na daina cin abinci, na daina waƙa. Ranar da na buɗe baki na faɗa miki, muna kankare kwakwa a bayan gida, ba ki ce mini "kin tabbata?" ba, ba ki ce "rufe bakinki" ba. Kin ajiye kwakwar, kika goge hannunki a zani, kika ce, "Na ji ki. Ba laifinki ba ne." Wallahi waɗannan kalmomin ne suka riƙe ni a duniya.

Kika je kika faɗa wa dattawan coci. Ba a yi mako ba, muka tashi da asuba muka tarar da su a filin ƙofar gida, sun zo yin ifoga, wato neman gafara irin na gargajiyarmu. Suna zaune a kan ciyawa, kai a sunkuye, lulluɓe da tabarmar girma, ga itace da duwatsun gasa nama a gefensu, wato sun miƙa wuya, a yi da su yadda aka ga dama. Kowane yaro a ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya. Shugaban gidan da aka yi wa laifi zai fito ya ɗaga tabarmar, a shigo da su inuwa, a yi jawabai, a yanka alade. Daga nan magana ta mutu, wanda ya sake tayar da ita shi ne marar kunya.

Sun zaɓo tabarmar da ta fi kowace kyau a ma'ajin coci, mai laushi kamar yadi, bakinta jere da jajayen gashin tsuntsu. A tunaninsu sun girmama mu. Abin da suka manta shi ne, ke kika saƙa ta. Shekaru kika yi a kanta har idonki ya raunana, kuma da hannunki kika miƙa ta kyauta ranar da aka kawo mana wannan faston.

Ƙaninki Aleki, wanda ke riƙe da sarautar gidanmu, ya ɗaura zaninsa zai fita, kika tare ƙofa. Ina bayan labulen kaba ina jin ku.

"Yaya, rana ta fara zafi," in ji shi. "Dattawan coci ne fa a ƙasa. Me kike so gari ya ce da mu?"

"Gari ya ce abin da ya ga dama. Kai aka yi wa laifin?"

"Haba Yaya, ni ne shugaban gidan nan."

"Ni na wanke maka kashi kafin ka zama shugaban. Koma ka zauna."

Ya koma ya zauna, don a wurinmu namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa, komai girman sarautarsa.

Da rana ta take, kika fita da lema da ɗanyar kwakwa, don ke ba muguwa ba ce. Kika tura kwakwar ta ƙarƙashin tabarmar ba tare da kin ɗaga ko gefenta ba. Ƙafafu kawai ake gani, amma kin gane na tsohon dattijon cocinmu, Esekia, wanda kuka tashi tare.

"Esekia, ai na gane babban yatsan nan naka da kwale-kwale ya murƙushe. Sha ruwa kada ka mutu mini a ƙofar gida. Ina mutumin?"

Murya ta fito daga ƙasa, a raunane: "An tura shi wani coci, a ɗaya tsibirin."

"To, a can babu yara?"

Sai kika ɗaga murya yadda duk maƙwabtan da ke leƙe za su ji, kika ce, "Ni na saƙa tabarmar nan, na san aikinta. Tana rufe amarya, tana rufe gawa. Ba ta rufe wannan. Kuma ba ni aka yi wa laifi ba, balle in yafe. Mai yafewa tana ciki, yarinya ce. Alƙali ya fara magana tukuna. In ta girma, in ta ga dama, ita za ta ɗaga."

Kika shiga ɗaki, kika sa farar hularki ta zuwa coci, kika kama hannuna. Ta gefensu muka wuce, suna nan zaune, muka tare bas zuwa Apia, ofishin 'yan sanda. Ba ki waiwaya ba.

Abin ya ci mu, kuma ba zan ɓoye ba. Majalisar masu sarauta ta zauna ta ce mun kunyata gari, aka kore mu. Matan da kika koya wa saƙa suka riƙa kau da kai in sun gan ki. Muka raɓe a ɗaki guda a gidan dangi a birni, ke da kike da gona da itatuwan kwakwa kika koma soya ayaba a bakin kasuwa. Duk da haka ba Lahadin da ta wuce ba ki je sujada ba, a layin gaba kuma. Na taɓa tambayarki cikin fushi me kike nema a wurinsu har yanzu. Kika ce, "Ke 'yar nan, da Allah nake faɗa? Da waɗanda suka ɓuya a bayansa nake yi."

Ranar da na ba da shaida a kotu, tsoro ya kusa kashe ni. An sa labule tsakanina da shi, amma ina jin tarinsa. Ke kuwa kina zaune inda zan gan ki, kina kaɗa maficinki a hankali, duk lokacin da na dube ki sai ki gyaɗa mini kai. Na faɗi komai. Da labari ya bazu, wasu mata biyu suka zo daga wani ƙauye suka ce su ma ya yi musu suna yara. Alƙali ya same shi da laifi, aka tasa ƙeyarsa gidan yari.

Mutane suka ce to ai sai ki huta, kin sami abin da kike so. Ina! Kika ce an kama wanda ya shiga, saura waɗanda suka buɗe masa ƙofa. Da taimakon wata lauya mai zuciya irin taki, muka kai hukumar cocin kanta ƙara. Nan ne aka ja mu shekara da shekaru, yau a ɗage, gobe a ɗage, har na gama makaranta na kama aiki. Lauyoyinsu suka tsaya a kan cewa fasto bawan Allah ne, ba ma'aikacin coci ba ne, kuma shugabanni ba su san komai ba. Da aka fassara miki, kika yi tsaki har ɗan sandan kotu ya juyo. Kika ce, "Ranar da suka kawo shi suka ce mu gina masa gida, nasu ne. Yau kuma ya zama na Allah shi kaɗai?"

Sai ga Esekia. Ba wanda ya kira shi. Ya zo yana dogara sanda, ya ce a rantsar da shi. Ya gaya wa alƙali cewa zaman da ya yi a ƙofarmu ba shi ne na farko ba. Kafin a kawo mana mutumin, shi da shugabannin coci sun taɓa zama ƙarƙashin tabarma a ƙauyen matan nan biyu, saboda wannan laifin dai, na wannan mutumin dai. Can an ɗaga tabarmar, an ci alade, an yi addu'a, sannan aka ɗauke shi aka kawo shi cikin yaranmu. Ya ce tun ranar da kika tambaye shi ko a can babu yara, abinci bai sake yi masa daɗi ba. Yana gama magana ya fashe da kuka, tsoho da furfura. Da aka fito kika dafa kafaɗarsa kika ce, "Ka daɗe a hanya, amma ka iso."

A ƙarshen bara kotu ta yanke hukunci. Ta ce hukumar coci ta sani, ta ɓoye, kuma alhakin yana wuyanta. Ta ce neman gafara na gargajiya yana da darajarsa, amma ba ya tsaya wa doka a hanya in yaro aka cuta. Kaka, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kika miƙa mini sandarki, kika taka rawa a matakalar kotu, farar hula a karkace, matan nan biyu suna tafa miki, masu sayar da abinci na tsallaken titi suna guɗa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Majalisar gari ta aiko a ce ki dawo gida. Kika ce, "Su gyara mini rufin ɗaki tukuna, su suka bar shi ya ruɓe." Suka kuwa gyara. Yanzu a ƙauyenmu ba yaron da ke shiga gidan fasto shi kaɗai, kuma in yaro ya yi magana, 'yan sanda ake fara kira kafin a nemi tabarma.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba ki ga shi ba. Ranar Asabar da za a binne ki, da sassafe, Aleki ya tashe ni, yanzu shi ma ya tsufa tukuf. Ya ce, "Siniva, fito. Baƙinki ne, ba nawa ba." Na leƙa. Sababbin shugabannin coci ne zaune a kan ciyawa, a daidai wurin nan, lulluɓe da tabarmarki. Gashin bakinta ya koɗe, amma ita ce.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce mini in yi sauri, ba wanda ya ce me gari zai ce. Daga ƙarƙashin tabarmar babbansu ya kira sunana, ya faɗi laifin da sunansa a gaban jama'a, ya ce, "Mun sani, mun ɓoye, kotu ta yi gaskiya. Ba mu zo a rufe magana ba." Na tuna sharaɗinki. Alƙali ya yi magana. Na girma. Na tambayi zuciyata ko ta ga dama, na ji ta amsa. Na taka na je na kama gefen tabarmar da hannuna biyu, na ɗaga. Shi wanda ke gidan yari, tsakanina da shi sai Allah, wannan ban kai ba tukuna. Amma waɗannan na ce musu su tashi su shigo inuwa.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Fuatino. Ka gafarta mata kurakuranta, har da kaifin bakinta, ka karɓe ta cikin hutunka na har abada. Ka saka mata da alheri a kan kowane yaro da zai yi barci lafiya saboda taurin kanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninta Aleki, da 'ya'yanta na gida da na ƙetare, da jikoki, da matan ɗakin saƙa, da 'yan'uwana mata biyu da muka tsaya tare a gaban alƙali, da dattijo Esekia da ya riƙe kan akwatin gawarta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya ba mu ko rabin zuciyarta. Waɗanda kuma har yau suke ɗauke da irin wannan ciwo a ɓoye, Allah ya haɗa su da mai ce musu "na ji ka."

Kaka, tabarmar ba ta koma ma'ajin coci ba. Ni da matan nan biyu muka shimfiɗa ta a kan akwatinki, muka gyara gefunanta yadda kike so, aka saukar da ku tare. Ta koma aikinta. Ba abin da ke ƙarƙashinta sai ke.