Gayan Tuwo a Gidan Suna

Ɗana na biyu ba ya cin tuwon da miya ta taɓa. Gaya yake ci, miyarsa a kwano daban, ya tsoma loma da kansa in ya ga dama. Likita a Jega ya ce galahanga ce, haka Allah ya halicce shi. Na karɓa. Surukata kuwa ta tsaya kan cewa iska ce, in an yi taro a bar shi a ɗaki kada mutane su gani. Wallahi maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Bayan an kwashe albasa aka yi suna a gidansu mijina a Kashin Zama, na ƙi barinsa a ɗaki. Aka zaunar da yara kan tabarma, aka kawo tuwo faranti guda. Kafin in buɗe baki, wata gwaggonsu ta kwarara miyar kuka a kai. Yaro ya toshe kunne, ya ƙwalla ƙara, yana jijjiga jiki.

Mata suka watse. Wata ta ce a kawo garwashi a yi masa hayaƙi. Surukata ta harare ni ta ce, "Ba na hwaɗi ba? Ɗauke shi ki kai ɗaki!"

Sai yayarsa, 'yar firamare, ta miƙe ta tsaya gabansa.

"Kaka, ba iska ba ce. Miya anka zuba mishi."

Ta nufi madafa, ta ɗebo malmala biyu ba miya, ta zauna kusa da shi. Ba ta taɓa shi ba, ba ta lallashe shi ba. Gayan kawai ta shiga ci, ita da ke lashe kwano saboda son miya. Kukan ya ragu. Can ya sauke hannu, ya gutsura.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsu. Daga baya ta ce wa mai garwashin, "Mai da wutarki. Ku bar su nan, ku kawo mishi miyatai daban."

Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi gaban surukai. Ni dai na kira ta da sunanta, kowa yana ji, na ce Allah ya yi miki albarka.