Neman Kwandalar Mma a Nima da Mamobi

Kumasi

Ina idar da sallar asuba na kama hanyar tasha. Ni ba mai son tafiya ba ne, gwiwata ma ba ta so. Amma sarƙar mahaifiyata ta tsinke, ɗaya daga cikin kwandalolin zinariyar da marigayi Babanmu ya ba ta ta ɓace. Mma ta makance, da yatsa take sanin kayanta. Tun ranar ta daina cin abincin kirki. Na zare guda don samfuri, na ɗaure a bakin wando, in je Nima in nemo irinta.

A Nkawkaw masu burodi suka rufe motar, ban saya ba. A bariyar 'yan sanda muka daɗe. Direba ya ce, "Maigida, ka daina buga mini ƙafa a kujera, ba ni na tare hanya ba."

Nima

Bayan azahar na sauka tashar Circle, na hau ƙaramar motar haya, trotro, zuwa Nima. Maƙerin zinariya na farko ya goga kwandalar a dutse, ya yi dariya.

"Massa, tagulla ce aka yi wa wanka."

"Zinariya ce! Ubana ya saya."

"To an cuci ubanka. Ta gaske ina da ita. Irin wannan kuwa, sai gun Malam Tanko a Mamobi, shi ke tara jabu kamar mai tara jikoki."

Na sayi wake da shinkafa a bakin titi, na ajiye gefe. Yaya zan gaya wa tsohuwa mijinta tagulla ya ba ta?

Mamobi

Na sha lungu da tsallaken kwata kafin na same shi. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, ɗakinsa cike da farantai, kowace kwandala da gurbinta. Da ya ga tawa sai ya miƙe tsaye.

"Dubi kan sarkin nan, ya juya baya, ba kamar na asali ba. Wani maƙeri ne ya zuba su a unguwar Lagos Town, nan kusa, tun muna yara. Guda ɗaya gare ni, ba na sayarwa. Ta gaske ko'ina akwai, wannan mai yin ta ya mutu."

Na ba shi labarin Mma, na roƙa, na ƙara farashi, ya ƙi. Ya ce shi sunan maƙerin yake nema, shekara da shekaru bai samu ba. "Kira Hajiyarka, ko ta sani."

Na ce a'a, kada ta ji. Ya ce to sauka lafiya. Na fita, na dawo, na sake fita. Ƙarshe na kira ta a waya.

"Maƙerin?" in ji Mma. "Ai Ɗanjuma Mai Zubi ne. Ina tsaye ya zuba su. Babanku a lokacin ina ya ga kuɗin zinariya?"

Malam Tanko ya maimaita sunan sau biyu, ya ɗauko tasa ya damƙa mini.

Gida

Na kwana gun wani ɗan garinmu a New Town, da safe na juyo. Mma ta shafa kwandalar, ta tsaya a kan hancin sarkin.

"Ita ce. Da ka kawo ta gaske, da na mayar da kai."

Ta ce a zubo mata tuwo. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Tanko. Gwiwata dai har yanzu ba ta yafe mini ba.