Namboru Rospita da rabon naman da bai isa ba

Kowace Lahadi, kafin a buga ƙararrawa, Namboru Rospita ta riga ta share cocinmu, ta goge benci, ta ɗora ruwan kofi a bayan ɗakin taro. Mutum biyu ne kawai take gwaggonsu ta jini, amma duk mutanen ƙauyen Namboru, wato gwaggo, muke ce mata, har da fasto. Ta yi wannan aiki tun gashinta yana baƙi, har gwiwoyinta suka fara yi mata gardama. Yanzu da ta ajiye tsintsiya, zan faɗi abin da jawabin dattawa ya tsallake ranar sallamarta.

Mu 'yan ƙabilar Batak, idan baƙo ya shigo, kafin mu ce ya zauna sai mun tambayi sunan zuri'arsa, don mu san ko kawu ne ko suruki. Al'ada ce mai daɗi ga wanda yake da amsa. Wanda ba shi da ita sai ya tsaya a bakin ƙofa. A cocinmu kuwa kowane gida da bencinsa, inda kakansu ya zauna. Samari sun watse zuwa biranen Medan da Jakarta, benci ya yi fayau, amma ko tsohuwa ɗaya ta rage a kai, jakarta ce za ta tsare sauran wurin. Dattawa kuma sai taro a kan me ya hana ikilisiya ƙaruwa. Yau laifin wayar hannu, gobe laifin cocin masu jita da ke bakin titi.

Alhali ga mutane a bayanmu. Ma'aikatan gonar kwakwar manja da suka zo daga tsibirin Nias, Kiristoci ne kamarmu, suna zuwa su takure a bencin baya, su fice kafin a gaisa. Cikinsu akwai Ina Desi, mace mai 'ya'ya uku, wadda ita ce ke jawo sauran. Kowa ya san ranar da ta daina zuwa, an rasa su duka.

Aka zo bikin godiyar girbi, aka yanka ɓauna. A wajenmu ba a raba nama haka kawai: mai kira yana ambatar kowane gida bisa matsayinsa a dangi, a miƙa masa rabonsa. Mai kiran shi ne Sahala, yayan Namboru, dattijo mai murya kamar ganga. Mutanen Nias ne suka yi ɗiban ruwa da faskaren itace tun safe, amma aka yi ta kira, babu sunansu. Ina kallon Ina Desi ta naɗe ganyen ayabar da ta shimfiɗa, babu komai a kai, ta kama hannun ƙaramar 'yarta.

"Ku tashi mu tafi," in ji ta. "Ba za mu sake takura wa mutane ba."

Daidai nan aka kira rabon Namboru. Ta dube shi, ta ƙi karɓa.

"Ito," ta ce da yayanta, yadda ƙanwa take kiran ɗan'uwanta, "wannan ai bai isa ba. Ni da 'yata da jikoki uku za mu ci wannan 'yar tsoka?"

"Wace 'ya kuma? 'Ya'yanki maza ne, duk suna Jakarta. Ko rana ce ta taɓa ki?"

"Ga ta can za ta fita da yunwa, kai kana nan kana rera sunayen matattu."

Sai ta ɗingisa har bakin ƙofa, ta zare ulos ɗin kafaɗarta, mayafin da uwa take lulluɓa wa 'yarta, ta yafa wa Ina Desi. 

"Rospita, ba haka ake yi ba," in ji Sahala. "Sai dangi sun zauna."

"To ga dangi a zaune, baki duk maiƙo. Ka kira ta, Ito, ko ni ma ka cire ni."

Ya yi gyaran murya, ya harari sama, ya harari ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗaga murya ya kira rabon 'yar Rospita. Ina Desi ta karɓa hannu biyu, hawaye yana ɗiga a kan ulos. Ni ma na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Ke ce, Namboru, wadda daga ranar kika bar bencin gidan mijinki kika koma na baya. Masu son gaishe ki dole suka riƙa takawa har can, da haka suka koyi sunayen mutane. Wasu sun yi watanni ba sa amsa gaisuwarki, ba ki fasa dafa musu kofi ba. Uwar marasa benci! Yau rabin mawaƙanmu 'yan Nias ne, ana yin baftisma, ana jin kukan jarirai a cocin da a da tari kawai ake ji. Ina alfahari da ke, kuma ina so a sani.

Ranar sallamarta aka zaunar da ita a gaba kusa da fasto. Ba a gama waƙar farko ba ta miƙe da sandarta ta nufi ƙofa. Ashe wani mutum ta hango yana leƙe, hularsa a hannu.

Mun gode, Namboru. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi. Mu kuma da muka rage, ranar Lahadi mai zuwa kowa ya ɗauke jakarsa daga kan benci, ya waiwaya ya dubi ƙofa, don mai waiwaya mana ta gaji.