Layin Toka

Abu biyu harkar keke ta yi mini: ta ba ni shago a unguwar Sabo, ta karɓe ƙanena Sabi'u. Duk sanda na auna su, kakarmu nake tunawa.

Tuwo take sayarwa. Bayan magariba, in ta sauke tukunya, sai mu kewaye garwashin murhu, hayaƙi na cin idonmu, hon ɗin motocin titin Mokola na tsallako katanga.

"Ku matso, ja'irai, ga ta nan tun ba ta huce ba."

"Zubo mana, Kaka!"

Sabi'u ya fi son tatsuniyar bushiya. Wai hanyar rafi ɗaya ce, giwaye na ta tattake ƙananan dabbobi. Aka yi taro, aka barbaɗa toka a gefen hanya, aka ce daga nan zuwa ciyawa rabon ƙanana ne. Giwa ta kaɗa kunne, ta ce ta yarda. Bushiya ta ɗauki tulunta, ta bi layin toka hankali kwance. Har yau ba ta dawo ba.

"Kaka, ba giwa ta yarda ba?" in ji Sabi'u.

"Kunnenta ne ya je taro, ɗan nan. Ƙafarta ba ta je ba."

Muka bushe da dariya. Ita kam toka ta ja ta rufe garwashin.

Da na girma na kama sayar da kekunan tokumbo, na hannu da ake kawowa daga waje. Mai ya yi tsada, sai ga wasu suna yawon kwaɗaita wa mutane hawan keke: ba hayaƙi, ba kuɗin okada, ga lafiyar jiki. Duk gaskiya ne. Aka ja farin fenti a gefen wani titi, aka ce na masu keke ne. Ciniki ya buɗe. Sabi'u, da ke sayar da albasa a kasuwar Shasha, ya zaɓi wani baƙin keke mai kariyar ɗora kaya a baya.

"Yaya, yanzu mu ma mun yi titi."

Wata safiya motar haya ta tsaya a kan layin tana lodi. Sabi'u na tafe a kekensa, ya kauce mata. Tirela na bayansa.

Keken na rataye a shagona, a lanƙwashe. In masu shirin hawan keken suka zo neman in taya su talla, shi nake nuna musu. Nakan ce ina so garin nan ya cika da kekuna, abincina ke nan. Amma fenti toka ne; a zuba kankaren da taya za ta ji tsoronsa, sannan mu yi magana.

An ƙara wa shago ƙofa, gidanmu ya ragu da mutum. Ni ɗan kasuwa ne, in na ga faɗuwa na san ta.