Fil ɗin Kaka

Jiya na ga jikata tana kama ɗankwali da fil, ta ciji wani a baki. Sai da na fita na tofar da yawu. Ku yi mini haƙuri, akwai dalili.

Zamanin Faransa, ƙanen babana ya dawo Jiratawa daga soja da rauni a cinya. Tsarabar da ya ba Kaka ita ce fil ɗin da aka kama masa bandeji da shi. Waya ce guda aka naɗe ta a gindi, tsinin ya shige cikin 'yar hula. Har daga Tsibiri mata suka zo kallon allura mai rufe bakinta.

Kaka ta maƙala shi a bakin zane. Da shi take sakace bayan goro, da shi take sosa kunne. Da damina, in kurkunu ya kumbura ƙafar manomi, wurinta ake kawo shi. Ta huda ƙurjin, ruwa mai wari ya tsarto, ta zaƙulo kan farar tsutsar, ta goge fil a cinya, ta mayar. Gindinsa ya yi baƙi ƙirin da dauɗa. Ko tuwo ta miƙo mini sai na ji ƙarni.

Ranar da ƙanwata ta taka ƙaya a fadama, Kaka ta zaro fil za ta cire mata, Inna ta ce a hankali, "Iya, bari a sa shi wuta tukuna."

"Wuta? Ƙarfen Nasara ne, ɗiyata, ba ya ɗaukar cuta."

Inna suruka ce, sai ta sunkuyar da kai.

Ƙafar ta kumbura kamar gora, ƙudaje suka bi yarinyar har ɗaki. Baba ya aza ta a jaki zuwa likita a Maraɗi. Ta dawo ba babban yatsa. Kaka ta ce iska ce ta taka, ta ci gaba da sakacenta.

Da Kaka ta rasu aka raba kayanta, fil ya faɗo hannun Inna. Ta kama shi da ganye, ta wuce masai, ta saki.

Yau fil a banza yake, a yi amfani a yar. Ƙanwata ta tsufa a Zariya, jikoki fal gida. Har yanzu ba ta cire takalmi a gaban baƙo.